Ranar da Baƙuwa Ta Yi Fari

Assalamu alaikum, masu karatu. Wannan ne karo na farko da na saka rubutuna a inda idon mutane zai gani, don haka in kun ga na yi tuntuɓe, ku ɗaga ni a hankali. A gidanmu ma ba kasafai ake barina in kai ƙarshen magana ba, shi ya sa na ce bari in gwada a nan.

Likita ake kirana a gida. Kada ku ɗauka girmamawa ce. A kantin sayar da littattafai nake aiki, kuma ina da wata ɗabi'a ta karanta duk abin da ya faɗo hannuna, har 'yar takardar nan da ake naɗewa a cikin kwalin magani. In na karanta kuma sai tsoro ya kama ni, sai in je in sa wa kowa. Daga nan sunan ya samo asali.

Yayata ta haihu, mace. Mijinta yana can wurin aiki mai nisa, hutunsa bai zo ba, don haka daga asibiti gidanmu aka wuto da ita. Umma ta share mata ɗakin da ke kusa da kicin, Gwaggo, ƙanwar Babanmu, ta haɗo jakarta ta zo taya reno. Jaririyar kuwa Baƙuwa nake ce mata, har sunan ya bi bakin kowa.

Sai kuma Mai Labule. Shagonsa na layi ɗaya da kantinmu, labule yake ɗinkawa. Dogo ne, mai sanyin magana, kullum da tef ɗin awo a wuyansa, kuma da wuya ka gan shi ba zare maƙale a kafaɗarsa. Ya daɗe yana zuwa gidanmu wurina. Ban ce masa e ba, ban ce masa a'a ba. Ba wai ba na son sa ba ne. Ni dai ko takalmi zan saya sai na koma kasuwa sau uku, balle miji. Umma kuwa ta gama yanke hukunci tun ranar da ya fara durƙusa mata. Ko gishiri ta ce in miƙo mata, sai ta haɗa da tambayar sai yaushe zan ba bawan Allah amsa.

Da Yaya ta haihu, shi ne ya kawo kyautar labule. Kai, labulen ya yi kyau, ba zan ci amanarsa ba. Ruwan ƙwai ne, mai kauri, ninki biyu, na ciki shara-shara shi ma rawaya, ga ɗinki kamar ba hannu ya yi ba. Ya ce don kada haske ya dami jaririya. Tun daga ranar ɗakin ya koma kamar cikin lemo. Zanin gado fari ne, amma in ka shiga sai ka rantse rawaya ne. Duk wadda ta zo barka, kafin a nuna mata jaririya sai Umma ta nuna mata bakin ɗinkin labulen, ta kuma faɗa mata wanda ya kawo, da ƙarfi yadda zan ji. Gwaggo kuma ta kafa doka: kada wanda ya kuskura ya ɗaga shi, iska za ta shigo wa yarinya.

Dole in faɗa muku inda na ɓata rawata, don ku gane abin da ya biyo baya. Tun ranar farko na fara sintiri tsakanin gadon Baƙuwa da wayata. Ta yi shaƙuwa, na ruga wurin Umma. Ta yi atishawa sau biyu a jere, na ruga. Na ga wasu fararen ƙuraje ƙanana a kan hancinta, na ce a tashi a tafi asibiti, Gwaggo ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce kowane jariri yana yinsu, su baje da kansu. Na duba, gaskiyarta ce. Mafi muni shi ne na maɗiga. Na ga tsakiyar kanta tana harbawa kamar zuciya, na yi ihu, Yaya ta firgita ta fashe da kuka, ashe haka take a kan kowane jariri. Ranar ce Umma ta ƙwace wayata ta ajiye a kan firji, ta ce in na ƙara shiga ɗakin nan da cutar da na karanto, sai dai in riƙa leƙen yarinyar ta ƙofa.

Na yi shiru. Na ma ji kunya.

A cikin shirun nan nawa ne Baƙuwa ta fara yin fari. Mu duk gidanmu baƙaƙe ne, ni na fi kowa. Gwaggo ce ta fara lura. Ta ɗaga ta sama tana juyawa, ta ce wallahi jinin mahaifiyar ita Gwaggon ne ya dawo, don kakarmu fara ce tas, kuma ta daɗe tana jiran wanda zai ɗauko ta. Kullum yarinya ƙara haske take. Aka yi ta ɗaukar hoto ana turawa 'yan uwa, mijin Yaya yana turo zukata jajaye jere-jere. Ga ta kuma da haƙuri, in ji Gwaggo, ba kuka, ba rigima, sai barci. Yaya ce kawai take ɗan ƙorafi, wai nononta ya cika yana mata ciwo, don da yarinyar ta ja sau biyu sai ta saki ta koma barci. Umma ta ce ta gode wa Allah, mu da muna jarirai ba mu bar kowa ya runtsa ba.

Ranar hutuna, da hantsi, Yaya za ta shiga wanka, Gwaggo na waya a falo, ba kowa sai ni. Ta miƙo min Baƙuwa a cikin farin shawul. Ni fa tsoron ɗaukar jariri nake, gani nake kamar wuyansa zai cire. Ina tsaye ƙiƙam da ita, sai Umma ta ƙwala min kira daga kicin, wai in zo in ga yadda na bar tukunya. Ban san yadda ake ajiye ta ba, sai kawai na fita da ita.

Ƙofar bayan kicin a buɗe take, hasken rana fari fes yana shigowa. Na sunkuyar da kai don in gyara mata shawul.

Masu karatu, wannan ba fari ba ne. Shawul ɗin ne fari. Ita kuwa fuskarta da ƙirjinta kamar an shafa mata kurkum. Na ɗan danna kan hancinta da yatsa na ɗaga, wurin ya fito rawaya. Ta buɗe ido a kasalance, na ga farin idon ma ya rine. Na san sunan abin, na sha karanta shi: shawara.

"Umma," na ce, "ki dubi idon Baƙuwa."

Ko juyowa ba ta yi ba, tana ta dirzar tukunya. "Likita, yau kuma wace cuta muka samu?"

Na fara bayani, kalmomin suna hawa kan juna. Kafin in kai rabi Gwaggo ta shigo, ta karɓe yarinyar, tana faɗan wa ya ce in fito da ita cikin iska. Ta mayar da ita ɗaki, duk muka bi ta. A can, ƙarƙashin labule, Baƙuwa ta koma kamar kowa. Gwaggo ta kama tafin hannuna ta buɗe a gabana.

"Dubi naki ma, rawaya ne. Ke ma shawarar gare ki? Ko dai baƙin ciki kike an samu fara a gidan?"

Umma ta yi dariya. Yaya ba ta yi ba. Ta fito daga wanka da tawul a kanta, ta dube ni da idanun wadda ba ta samu barci ba, ta ce don Allah in bar ta ta huta, zuciyarta ba za ta ɗauki wani firgicin ba. Wannan ya fi dariyar ciwo.

Na ɗauko wayata na shige ɗakina na zauna a bakin gado. Na yi ta tambayar kaina, in kuma irin na maɗiga ne fa? Sau nawa na tayar da gida a banza? Amma idon nan ya ƙi barin idona. Kuma na san abin da na karanta: yawancin shawarar jarirai tana wucewa da kanta, amma in yaro ya daina shan nono, sai barci, to ba ta jira ba ce.

Sai ga saƙon Mai Labule. Kullum saƙonsa kamar takardar ofis, har da aya a ƙarshe.

"Barka da hantsi. Na gama igiyoyin ɗaure labulen. Zan kawo da yamma in ba damuwa."

Ban san abin da ya shiga kaina ba. Ni da nake ba shi amsa da kalma biyu, sai ga ni na zazzage masa komai, fari, barci, dariyar Gwaggo, har da tafin hannuna. Na tura kafin in yi tunani. Na zaci zai ce in kwantar da hankalina, kamar yadda maza suke yi.

"Har cikin idonta?" ya rubuto.

"E."

"Tana kama nono?"

"Ba sosai ba."

"Ga ni nan."

Ban ko samu canza kaya ba. Tsohuwar doguwar rigata ta zaman gida ce a jikina, wadda ruwan wanki ya ci wa gefe, sai na yafa mayafin da hannuna ya fara kaiwa, wanda ko kusa bai shiga da ita ba. Na ji tsayuwar motar shagonsa a waje. Umma ta ga baƙo da rana tsaka, ta rikice da murna, tana harara ta a kan rigar, tana cewa a kawo ruwa. Ya durƙusa ya gaishe ta kamar kullum, amma bai zauna ba. Ya ce yana neman alfarma a ba shi izini ya tsaya a bakin ƙofar mai jego. Umma ta ɗauka igiyoyin zai gwada.

Ya tsaya daga waje, bai sa ƙafa a ciki ba. Ya gaida Yaya da Gwaggo, sannan ya juyo gare ni.

"Ki buɗe shi duka," ya ce a hankali. "Ni na ɗinka shi, ba zan ji haushi ba."

Gwaggo ta fara maganar iska. Umma ta kira ni da wannan muryar da take nufin kada in kuskura. Ni kuwa na riga na kama gefen labulen. Na ja, zobban suka cije. Na ƙara ja da ƙarfin da ban san ina da shi ba, sai sandar gaba ɗaya ta ɓalle daga bango, labule ya rufto a kaina. Da na fito daga cikinsa, mayafina a karkace, ɗakin ya cika da rana.

Zanin gado ya koma fari. Bango ya koma fari. Hannun Gwaggo ya koma kalarsa. Baƙuwa ce kaɗai ba ta koma ba.

Yaya ta ɗauke ta ta matsa jikin taga, ta buɗe mata riga, ta duba ƙirji, ta duba ciki, ta ɗan ja fatar idonta.

"Umma, miƙo min mayafina," ta ce.

Gwaggo, da ta ga abin da gaske ne, sai ta koma ba da magani. Wai a shanya ta a rana kaɗan, a ɗiga mata ruwan sukari, zuwa gobe za ta washe. Umma ta fara gyaɗa kai. A nan ne na yi abin da ban taɓa yi ba. Na ce a'a. Na ce rana za ta iya ƙona ta, ruwan sukari kuma zai cika mata ciki ta ƙara ƙin nono, kuma ba mai iya sanin yadda abin ya kai da ido, sai an auna. Na kai har ƙarshen maganata, ba wanda ya katse ni. Ni kaina sai da na yi mamaki.

Motar shagon kujera biyu gare ta. Yaya da Baƙuwa suka zauna gaba, mu uku muka shige baya cikin bandiran yadi. Gwaggo ta hau kan wani na karammiski tana riƙe da hannun Umma, duk ramin da aka faɗa sai ta yi salati ta ce wa direba ya tuna ba yadi kaɗai ya ɗauko ba.

A asibiti wata nas mai faɗin fuska ta karɓe mu. Ta ɗora wata 'yar na'ura a goshin Baƙuwa, ta duba, sai ta kira a ɗebi jini a dunduniyarta. Ko kukan kirki yarinyar ba ta yi ba, wannan ya fi komai tsorata ni. Muka zauna a benci muna jira. Mijin Yaya yana ta kira, ta kasa ɗauka, ni na riƙa rubuta masa abin da ake ciki.

Likitar da ta fito, ta gaske ke nan, ba irina ba, ta yi mana bayani a tsanake. Ta ce shawara tana cikin abubuwan da suka fi yawa a jarirai, hantarsu ce ba ta gama ƙwari ba, kuma da yawansu tana wucewa ba tare da an yi komai ba. Amma ta Baƙuwa ta hau har inda sai an sa ta a ƙarƙashin fitila. Yaya ta tambaya ko an makara. Likita ta ce a'a, an zo a kan lokaci, sai dai ba za ta so a ce an ƙara kwana ba.

Aka tuɓe ta, daga ita sai famfas, aka rufe mata ido da wani ɗan ƙyalle mai taushi, aka kwantar da ita a akwatin gilashi, shuɗin haske yana zuba a kanta. Yaya ta jingina da kafaɗata ta yi kukanta. Nas ta bar ta ta gama, sannan ta ce aikin ba na fitila kaɗai ba ne, rabi nata ne: ta riƙa tashin yarinyar tana ba ta nono a kai a kai, in ta ƙi kamawa a tatsa a ba ta, don ta kashi da fitsari abin yake fita.

Umma ba ta ba ni haƙuri ba, kuma ban sa rai ba, ba halinta ba ne. Ta dai zo ta tsaya a gabana, ta warware mayafina ta sake yafa min daidai, ta daɗe tana gyara gefen da ba ya buƙatar gyara. Gwaggo kuwa ta bi nas har bakin ƙofa tana tambaya, wai in an gama, hasken fatar zai zauna ko zai tafi. Nas ta ce zai tafi. Gwaggo ta ja dogon numfashi.

"To shi ke nan," ta ce. "Baƙar ma tamu ce."

Ba a daɗe ba awon ya fara sauka. Ina wurin da safe lokacin da Baƙuwa ta tsala wani irin kuka da ya cika ɗakin, ta kama nono kamar mai bin bashi, har Yaya ta ce wash tana dariya. Idonta ya fara washewa. Likita ta ce in aka ci gaba haka, sallama ta kusa.

A ranar ne, da rana, na fito na tarar da Mai Labule a bencin da ke ƙarƙashin bishiya a harabar asibitin. Kullum sai ya zo, ya kawo ruwa da ayaba, ya gaida kowa, ya koma shago. Na zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Akwai tambayar da take cina, sai na yi ta. Na ce mutanen da suka haife ni ba su yarda da ni ba, shi me ya sa ya rufe shago a kan saƙo ɗaya?

Ya daɗe yana naɗe tef ɗin awonsa a yatsa yana warwarewa. Sannan ya ciro waya ya nuna min hoto. Wani saurayi ne a kan kujera, kansa a ɗan karkace, hannunsa ɗaya a lanƙwashe, yana dariya da dukan fuskarsa. Kamarsu ɗaya.

Ya ce ƙaninsa ne. Shi ma haka ya yi yana jariri, aka ce a jira, aka jira. Da aka kai shi an makara. Ba ya ji, tafiya ma sai an riƙe shi, amma yana gane komai, da hannu suke hira, kuma ya fi kowa tsokana. Tun rasuwar mahaifiyarsu a wurinsa yake, kuma a wurinsa zai zauna har iyakar rai. Ya ce abin da ya fi ci masa rai a kwanakin nan shi ne, shi da ya san wannan ciwo, shi ne ya ɗinka abin da ya ɓoye shi.

"Duk wadda za ta zauna da ni, da shi za ta zauna," ya ce, bai dube ni ba. "Umma ba ta sani ba. Na so ke ki fara ji. In kin ce ba za ki iya ba, wallahi ba zan ga laifinki ba."

Na san Ummata. Na san irin lissafin da za ta yi in ta ji, da irin abin da Gwaggo za ta ɗora a kai. Na kuma san kaina, da yadda nake gudun duk abin da ya yi nauyi. Na sake duban hoton. Ina jiran tsoron nan nawa ya zo, sai na ji shiru.

"Ka kai ni in gaishe shi," na ce. "Amma sai ka fara koya min yadda ake sannu da hannu."

Ya ɗago. Idonsa ya cika, bakinsa kuma yana son yin dariya. Ya ɗaga hannun dama zai nuna min, sai muka ji takun takalmi a bayanmu.

"Wa za a je gaisarwa?"

Umma ce, da kwanon Yaya a hannu, fuskarta cike da fara'a, tana dubanmu ɗaya bayan ɗaya. Mai Labule ya miƙe zai durƙusa, wayar tana hannunsa, hoton bai rufe ba. Na matsa gefe, na share mata wuri a tsakiyar bencin da tafin hannuna.

"Umma, zauna," na ce. "Akwai magana, kuma ni zan yi ta."